Ƙananan ayyukan yumɓu a baje kolin Legas: ina na maginanmu?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana, kuma ina so masu sani a cikinmu su sa baki, musamman Malam Nura.

A nan Legas akwai wani salon baje kolin fasaha da ake yi na ƙananan ayyuka zalla. Sharaɗin shiga shi ne aikinka ya zama ɗan ƙarami, wanda mutum zai ɗauka da hannu ɗaya ya sa a jaka. Dabarar masu shiryawa ita ce in aiki ya ƙanƙance farashinsa zai sauko, mai albashi ma ya samu abin da zai kai gida, ba sai manyan masu kuɗin da ke zuwa babban baje kolin fasaha na ART X Lagos ba. Yawancin abin da aka rataye zane ne, amma ni teburin yumɓu ne ya riƙe ni.

Akwai wani ɗan tulu da bai kai tsayin kofin shayi ba. An bar bayansa ja, launin gasasshiyar ƙasa, an goge shi har yana ɗaukar ido, cikinsa kuma an zuba masa ruwan gilashi kore. Wuyan ya ɗan karkata gefe, da gangan. An yanka masa ƙananan tagogi kewaye da ciki, in ka ɗaga shi haske na ratsawa. Ko cokali ɗaya na ruwa ba zai riƙe ba. Na juya gindinsa, sai ga sunan wadda ta yi da shekarar, an karta da tsinke tun yumɓun yana ɗanye. Kuɗin da aka rubuta a gefensa kuwa, a kasuwar garinmu zai kwashe tulunan mai tukwane gaba ɗaya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk teburin nan ban ga aikin kowa daga wajenmu ba. Alhali matan da ke ginin tukwane a Arewa hannunsu bai gaza wannan ba. Me ya hana?

Alhaji Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam. Hajiya, sanin ciwon kai ne ya hana. Matar da ta san tulu na sanyaya ruwa, tanda na soya waina, kasko na turara ɗaki, me zai kai ta ɓata yumɓu da itace a kan abin da ba ya aikin komai? Na daɗe ina sayar da kayan gida. Abin da ake buƙata shi ke tafiya. Wannan kayan 'yan gayu ne, yau suna so, gobe sun koma wani abu.

Maman Hanifa:
Alhaji, kwallaye da tasoshin da iyayenmu suka jera a ɗaki har rufi, a guda nawa aka taɓa zuba tuwo?

Alhaji Ɗanjuma:
Waɗannan ajiya ce, ranar da ta ɓaci a sauko da su a sayar. Ɗan tulunki in ya faɗi ƙasa sai tsintsiya.

Malam Nura:
Salamu alaikum. Anti Maman Hanifa, na ga kira. Bari in fara da ɓangaren aikin, don shi na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, shi kuma nake koyarwa.

Mutane na ɗauka ƙaramin aiki sauƙi gare shi. Sam. Randa tana da kauri da faɗi, in yatsa ya ɗan zame jikinta zai haɗiye kuskuren. Abin da bai fi tafin hannu ba kuwa, duk inda farce ya taɓa sai an gani. Ga shi yumɓu yana motsewa. Tsakanin bushewa da gashi yakan ragu da wajen kashi 10 cikin 100, wani ma fiye, gwargwadon irin ƙasar. In wani gefe ya fi wani kauri, siririn zai riga bushewa, ya ja, ya tsage. Tagogin da kika gani ana yanka su ne a wani ɗan taƙaitaccen lokaci, bayan yumɓun ya sha iska ya daina manne wa hannu amma bai ƙeƙashe ba. Ka yi gaggawa, bangon ya rufta. Ka yi jinkiri, wuƙa ta ɓalle shi.

Sai gashi, wanda a nan ne hanyar maginanmu da ta masu aikin da kika gani suka rabu. Maginanmu a fili suke gashi, a jera tukwane a matoya, a lulluɓe da itace da kara da ciyawa. Zafin yakan tsaya tsakanin digiri 600 zuwa 900 a ma'aunin Celsius. Tukunya takan fito da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta nan, iska na busar da shi, shi ya sa ruwan randa ke sanyi. Mai ƙyallin gilashi kuma yawanci sau biyu ake gasa shi. A gasa da fari, sannan a tsoma shi cikin kwaɓin niƙaƙƙen dutse da farar ƙasa, wani lokaci har da tokar itace, a mayar da shi rufaffen murhu. Irin mai taurin dutse sai zafi ya haura digiri 1200 kafin kwaɓin ya narke ya zama gilashi. Murhun da zai yi wannan, na gas ne ko na lantarki ko na itace da aka gina da bulo mai jure wuta, kuɗi ne ba kaɗan ba. Wannan shi ne shinge na farko. Ƙasar kam muna da ita, farar ƙasar Ƙanƙara kaɗai ta isa shaida.

Kande:
Malam, Allah ya ƙara sani. Ni 'yar magina ce, a cikin aikin na tashi. Innata tun da rani take zuwa bakin tafki haƙo yumɓu, ta jiƙa shi kwana da kwanaki, ta daka tsingaro ta tankaɗe ta zuba, sannan a taka da ƙafa har sai ya yi laushi ya daina tsinkewa in an ja shi. Akwai wani ɗan dutse mai santsi da ta gada wajen kakata, ya lotsa daidai inda babban yatsa ke zama. Da shi take goge jikin tukunya kafin ta gama bushewa. In aka ciro ta daga wuta da zafinta, sai ta yayyafa mata ruwan makuba da reshe, ka ji ƙara, tururi ya tashi, jikin ya koma baƙi-baƙi yana sheƙi.

Baba Alhaji, ƙanana ma ai tana yi, kuma suna tafiya. Asusu, kaskon turaren wuta, da 'yan tukwanen da yara mata ke wasan girki da su. Abin da ya ƙona mini rai shi ne wata mata da ta riƙa zuwa daga Abuja tana kwashe ƙananan nan a farashin ƙauye, har tana zaɓar zanen da za a yi mata. Daga baya na gan su a shafinta na sayar da kaya a intanet, an ɗora su a kan farin yadi an yi musu hoto mai kyau, kuɗin ya ninka ba adadi. Sunan shagonta ne a jiki. Ko sunan ƙauyenmu babu, balle na Inna.

Don haka Anti, aikinmu yana zuwa irin wuraren nan. Mu ne ba ma zuwa.

Maman Hanifa:
Kande, wallahi wannan ta taɓa ni. Ashe tambayar ma ba "me ya hana su yi" ba ce.

Binta:
Yaya Kande ta kai mu inda nake so in shigo. Duk mai naira 20 a aljihu ya juya bayanta, zai ga mace zaune tana aikin tukunya. Ladi Kwali ke nan, Bagwariya daga garin Kwali, wadda ta koyi gini a hannun 'yar'uwar iyayenta tun tana yarinya, da hannu, ba inji. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, yana tara tukwanenta a gidansa, a can ne wani Bature maginin tukwane ɗan Ingila, Michael Cardew, ya fara ganin aikinta. Shi ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin.

Ku duba abin da ya faru. Siffar tulunta ba ta canza ba, zanenta ma haka: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, kifi, tsuntsu. Abin da ya canza shi ne an gasa shi a murhu mai tsananin zafi da ruwan gilashi, an kuma buga tambarinta a jiki. Aka kai aikin Landan aka nuna a 1958, aka sake a 1959 da 1962. Ta zaga Amurka a 1972 tana gini a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, matar da ba ta yi boko ba. Ta rasu a Minna a 1984.

A zamaninta akwai mata da yawa a ƙasar Gwari masu gwanintar hannu, amma yau sunan mutum nawa muka riƙe? Ita an rubuta nata.

Alhaji Ɗanjuma:
'Yata Binta, na ji tarihi. Amma ki tambayi Malam Nura: tulun da aka shafe da gilashi yana sanyaya ruwa? Kuma mace za ta iya ɗora shi a kafaɗa ta tafi rafi?

Malam Nura:
Ba ya sanyayawa, ranka ya daɗe, don ƙofofin sun toshe. Ga nauyi. Wannan gaskiya ce, masana ma sun yi ta faɗa.

Alhaji Ɗanjuma:
To ka gani. An ɗauki abu mai amfani an mayar da shi abin kallo, Turawa suka saye, mutanen Kwali suka koma jarkar roba.

Binta:
Baba, ba Ladi Kwali ce ta kawo jarka ba. Roba da alminiyam sun ci kasuwar tulu a garuruwan da ba a taɓa jin sunan Cardew ba. Abin tambaya shi ne, tunda kasuwar amfani tana ta raguwa, magina su bar sana'ar ne ko su nemi wata ƙofa? A Ushafa, kusa da Bwari, mata suna nan suna gini, kuma tun da Shugaba Bill Clinton na Amurka ya kai ziyara can a watan Agustan 2000 baƙi suka san hanyar wurin. Masu zuwa ba tulun ɗiban ruwa suke nema ba, abin da zai shiga akwati suke so.

Ustaz Kabiru:
Assalamu alaikum. Ina biye da ku. Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ina ganin yana daga cikin dalilan da suka sa namu ke ja da baya. Hajiya Maman Hanifa, a teburin nan babu mutum-mutumi?

Maman Hanifa:
Akwai, Ustaz. Kawunan mutane, mace da goyo, har da wata tukunya da aka zagaye jikinta da fuskoki. Amma akwai da yawa da ba siffar komai mai rai ba ne.

Ustaz Kabiru:
To a nan ya kamata mai shiga harkar ya san inda zai taka. Ya tabbata cewa wani mutum ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya ce da yin siffofi yake cin abinci. Ya gargaɗe shi, sannan ya ce masa in dole sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin siffa cikakkiya mai inuwa ta abu mai rai, wadda ita ce haramun a wajensu, da zanen da ke shafe a jikin abu, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi. Sun kuma yi rangwame a kan 'yartsanar yara mata.

Ba ina rufe ƙofa ba ne. Fili yana da faɗi ƙwarai. Ku dubi adon bangon gidajen Zariya da Kano, da zankwaye, da dagi, da aska takwas a babbar riga, da zayyanar da alarammomi ke yi wa allo. Mutanen da suka gaji wannan ba su rasa abin da za su ɗora wa yumɓu ba.

Binta:
Na yarda da Ustaz cewa fili na da faɗi. Sai dai ina so mu tuna, a ƙasar nan aka gasa kawunan Nok, wato mutum-mutumin yumɓu na mutanen da, fiye da shekara 2000 da suka wuce. Masu haƙar kuza ne suka fara tono ɗaya a 1928 a kudancin Kaduna, kuma wasunsu suna gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Ba ina cewa a kwaikwaye su ba. Amma ɗalibin yumɓu ya je ya ga yadda aka bar cikinsu fanko, aka huda ido da hanci, aka gasa su a irin wutar da Innar Kande ke hurawa, wannan ilimi ne.

Ustaz Kabiru:
Kallo don ilimi daban, ƙerawa daban. A kan wannan ba mu saɓa ba, ƙanwata.

Issufu Damagaram:
Barkanku da hira. Ni daga Nijar nake bin ku. Wajenmu in an ce tulu, Miriya ake nufi, nan kusa da Damagaram. Can yamma kuma akwai Bubon a bakin kogin Kwara, inda mata ke yi wa tukwane zanen fari da ja da baƙi. Abin da na lura, tun tuni maginan suka gane baƙo ba ya ɗaukar babba, sai suka fara yin ƙanana. Amma ina da tsoro guda. In aka ce ƙarami ake so, sai a riƙa zubo su da sauri, iri ɗaya, ba a goge da kyau ba, ba a gasa da kyau ba, don mai saye ba zai zuba ruwa ya gwada ba. Tulun gaske uwargida ce alƙalinsa, ta ƙwanƙwasa ta ji amo, ta zuba ruwa ta ga ko yana yoyo. Na ado wa zai tsare ingancinsa?

Malam Nura:
Malam Issufu, tsoronka a kan hanya yake, kuma nan ne bambancin kayan tsaraba da aikin fasaha. Na tsaraba ana yin ɗari iri ɗaya. Wanda Anti ta gani guda ne, mai shi ta zauna ta yanke shawarar inda wuyan zai karkata, kuma in bai yi ba da sunanta za a zarga. Sunan da ke jiki shi ke tsare inganci.

Bari kuma in gyara wani zato da bayanina na farko zai iya haifarwa a zukatan wasu, cewa sai da ruwan gilashi ake shiga wannan kasuwa. A'a. Akwai Magdalene Odundo, haifaffiyar Kenya da ke zaune a Ingila. Ta zo cibiyar nan ta Abuja a 1974 ta koyi ginin hannu a wajen Ladi Kwali da sauran matan wurin. Har yau da hannu take gini, ba ta sa ruwan gilashi, gogewa take yi, irin dai wadda Innar Kande ke yi da dutsenta. Tukunyarta guda ana sayar da ita ɗaruruwan dubban fam na Ingila a gwanjon Landan. A nan gida, a Nsukka, Ngozi-Omeje Ezema tana gasa 'yan gutsattsarin yumɓu masu yawa, ta rataye su da zare har su haɗu su ba da siffar babbar tukunya a iska. Ozioma Onuzulike kuma yana yin ƙananan ƙwayoyi na yumɓu ya saƙa su da waya su zama kamar tufafi. Duk ƙananan abubuwa ne, kuma ja ɗin gasasshiyar ƙasa ba abin kunya ba ne a wajensu.

Abin da zan ce a kula da shi a gashin fili shi ne rauni. Abu ƙarami siriri da aka gasa a ƙaramin zafi yana saurin ɓallewa a baki. Maganinsa a tankaɗe tsingaro sosai ya yi laushi, a bar abin ya bushe a inuwa a hankali, a ɗumama shi a gefen wuta kafin gashi, sannan a sa ƙananan cikin babbar tukunya a kife wata a kai, don kada harshen wuta ya doke su kai tsaye.

Kande:
Sa ƙanana cikin babbar tukunya Inna tana yi dama. To Anti, in mutum yana so ya kai kayansa irin wurin, ya ake yi?

Maman Hanifa:
Na tambaya. Yawanci ta hannun masu gidajen nuna zane ake shiga, ko a turo hotuna lokacin da suka buɗe karɓar aiki. Suna son hoto mai kyau, tsawo da faɗin abin, sunan mai yi, da ɗan bayani a kanta. Amma ki sani suna cire kasonsu, sau da yawa yakan kai kusan rabin kuɗin. Abin da bai saida ba kuma ke za ki san yadda zai dawo. Ba na so in yi miki romon baka. Ni dai abin da zan iya, in kin turo hotuna in kai da kaina in nuna, kuma da sunan Inna za a rubuta, ba nawa ba, ba naki ba.

Alhaji Ɗanjuma:
Rabi? Ita ta haƙo ƙasa, ta taka, ta sha hayaƙi, wani ya karɓi rabi don ya ɗora a tebur?

Binta:
Baba, yanzu da matar Abuja ke zuwa, kashi nawa Inna take samu?

Alhaji Ɗanjuma:
Wannan zalunci ne, wancan ma bai yi mini ba. Ni har yanzu ban ga abin da zai sa in sayi tulun da ba ya ɗaukar ruwa ba, kuma Kande, kada ki bari Inna ta rage ginin tanda da randa saboda wannan. Su ne cefanen yau da gobe.

Kande:
Ba za ta rage ba, Baba. Yanzu ma damina ce, ba a gashi sosai, sai ruwa ya ɗauke. Na yi mata bayani ta waya, ta ce za ta gwada kaskon turare da asusu na musamman, ta yi musu zanen da take yi wa randar amare, wanda ba ta yi wa na kasuwa. Damuwarta ɗaya, yadda za su isa Legas lafiya.

Alhaji Ɗanjuma:
Wannan kam fagena ne. Kada ki sa su a kwali, kwali yana lotsewa in aka ɗora masa kaya. Ki samu bokitin fenti mai murfi, ki zuba ƙaiƙayin shinkafa a ƙasa kamar tsawon yatsa, ki cika cikin kowanne da ƙaiƙayi, ki naɗe shi da tsumma, kada ɗaya ya taɓa ɗaya. Ki cike sauran wurin dam, ki girgiza, in kin ji motsi ki ƙara. Kada ki yarda a sa a bayan mota ƙarƙashin buhuna, ki ba wanda kika sani ya ajiye a ƙafarsa. Kuma ku yanke farashinku ke da Inna tun a gida, ku rubuta a takarda, kafin wani ya faɗa muku nasa.

Kande:
Na gode Baba. Anti, da zarar an yi gashin farko zan turo miki hotunan.